Nana Asma'u: Marubuciyar da Ta Rubuta Don a Haddace

Kafin boko ya iso ƙasar Hausa, akwai macen da ta tsara karatu don 'yan mata da iyayensu. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Mijinta shi ne Gidado ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, baffanta kuwa Abdullahin Gwandu.

Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Larabcin na malamai ne. Amma bayan jihadin Shehu ƙauyuka sun cika da matan da ba su taɓa riƙe allo ba, kuma a hannunsu yara ke tashi. Su ta nufa da waƙoƙinta na Hausa: baitoci gajeru masu amsa-amo, waɗanda ake rerawa ana daka ko kaɗi. Akwai waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin baitoci kaɗan, don yaro ya riƙe tsarinsu tun bai iya rubutu ba. Ita ce kuma ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa.

Waƙa ba ta kai kanta ƙauye, don haka ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jajin ta taho Sakkwato da tsofaffi da 'yan matan da ba a aurar ba, su haddace darasi, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a littafi guda.

A yau, duk uban da ke ganin karatun 'ya mace baƙon abu ne, ya tuna cewa 'yar Shehu ce ta fara aika malamai mata ƙauyuka. Malaman Islamiyya kuma su nemo waƙoƙinta na Hausa su koya wa yara, domin da harshensu aka rubuta su.