Kafin Takardar Harajin Gida Ta Iso Ƙofarka

Idan ka ga ma'aikata sun shigo unguwa da littafi da igiyar awo, suna ƙirga ɗakuna da shagunan da aka fitar a jikin gidaje, suna shafa lamba a katanga, to aikin ƙiyasin gidaje ne ya zo. Jama'a sukan tarbe su ta hanya biyu. Wani zai aiko yaro ya ce maigidan ba ya nan. Wani kuma zai ja jagoransu gefe ya danƙa masa na goro, wai don a sassauta masa. Na farko za a rubuta masa abin da aka ga dama, tunda daga waje aka hango gidan. Na biyu ya biya kuɗin da ba rasit, kuma ba shi da tabbacin abin da ya shiga littafi. Bayan wata shida takarda za ta iso, a fara ihu bayan hari.

Tsoron da mutanenmu ke yi wa mai littafi da alƙalami yana da dalili. A zamanin En'e malaman taki sun riƙa auna gonaki da takun ƙafa a ƙasar Kano don yanka haraji, an yi ta ƙirga shanu don jangali, kuma wanda ya kasa biya ya san abin da ke jiransa a hannun dogarai. Shi ya sa NEPU ta Malam Aminu Kano ta sa yaƙi da haraji a gaba, shi ya sa kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali tun farkon hawansu. Talaka ya huta. Amma wani abu ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba: da ƙaramar hukuma ta koma jiran kason man fetur daga tarayya, sai ta daina jin nauyin mutanen garinta, su ma suka daina tambayarta lissafi. Wanda ba ya karɓa daga hannunka ba ya ganin dole ya yi maka bayani.

Yanzu magana ta fara juyowa. Jihohi suna neman kuɗin shiga ido rufe, an kafa hukumomin taswirar filaye irin su KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, kuma gida abu ne da ba ya ɓuya ba ya ƙaura. Ƙananan garuruwan da titi ya ratsa, aka yi musu sabuwar tasha ko makarantar gaba da sakandare, su ma darajar filayensu ta tashi. Sai a sa rai mai awo zai zo, ko ba bana ba.

Abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne wane ne ke da ikon yin me. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, magudanun ruwa, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. A cikinsu akwai ƙiyasta gidajen mutane don karɓar harajin gida, amma a bisa abin da Majalisar Dokokin Jiha ta ƙayyade. Wato ƙaramar hukuma ce ke ƙiyasi, doka kuma daga majalisar jiha take fitowa. Ciyaman ba shi da ikon wayar gari ya yanka adadi daga kansa, haka ma wani ɗan kwangila da aka ba aikin tara kuɗi. An taɓa gwada wannan a kotu, a nan gida. Gwamnatin Jihar Kano ta ba kamfanin Knight Frank and Rutley kwangilar ƙiyasta gidajen birni, rigima ta kai Kotun Ƙoli, a 1998 kotun ta ce wannan aikin ƙananan hukumomi ne, ba na gwamnatin jiha ba. Daga baya wasu jihohin sun haɗe karɓar kuɗaɗen a hannun hukumar tara haraji ta jiha, kamar yadda Kaduna ta yi da dokarta ta 2016 wadda ta hana karɓar haraji da tsabar kuɗi. Don haka tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma hakkinka ne ka tambayi duk wanda ya zo da takarda: a ƙarƙashin wace doka?

Kada kuma a haɗa harajin gida da kuɗin ƙasa. Kuɗin ƙasa shi ne wanda mai takardar mallaka ta gwamna yake biya wa jiha duk shekara, bisa dokar filaye ta 1978. Harajin gida kuwa a kan ginin yake. Wasu jihohin sun curo su wuri ɗaya a takarda guda, wasu ba su yi ba. Wanda bai san wannan ba ana iya karɓar abu ɗaya a hannunsa sau biyu da suna daban.

Ga inda lissafin yake, kuma nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido. Abin da za ka biya yana fitowa daga abu biyu: darajar da aka ɗora wa gidanka, da kason da aka ce a cire daga cikin ɗari. Darajar galibi ana auna ta ne da kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa a shekara, ko da kai ne a ciki. Mu ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. Gidaje biyu, tsohon ƙiyasi ya ba kowannensu naira 100,000. Ana karɓar tara cikin ɗari, kowa na biyan 9,000. Shekaru suka wuce. Gida na farko yana bakin sabuwar tasha, an fasa zaure an fitar da shaguna huɗu, sabon ƙiyasi ya kai shi 500,000. Na biyu yana can bayan gari inda ko kwalbati babu, ya tashi 200,000. Jimillar darajar gidajen garin gaba ɗaya kuma ta ninka sau uku. Idan hukuma ba ta buƙatar fiye da abin da take tarawa a da, sai kason ya sauko daga tara zuwa uku. Mai gidan tasha zai biya 15,000, na bayan gari ya biya 6,000. Ka ga na bayan gari darajar gidansa ta ninka, amma harajinsa ya ragu, domin shekara da shekaru yana ɗaukar wa maƙwabcin tasha kaya bai sani ba. Wannan shi ne amfanin sabunta ƙiyasi idan an yi shi da gaskiya.

To amma idan aka sabunta darajar aka bar kason a tara, na farko zai biya 45,000, na biyu 18,000, baitulmali ya tara ninki uku ba tare da kowa ya miƙe a majalisa ya ce na ƙara haraji ba. Ka je ofis ka yi ƙorafi, a ce maka ai ba mu ƙara komai ba, gidanka ne ya yi daraja. Ƙari ne aka yi, sai dai ta bayan gida aka shigo da shi. Saboda haka duk lokacin da aka ce za a sabunta ƙiyasi, tambayar da za a fara jefa wa kansila ita ce: kason zai sauko ko yana nan? In yana nan, ƙarin kuɗin me za a yi da shi?

Legas ta ɗanɗana wannan a 2018. Gwamnatin Akinwunmi Ambode ta yi sabuwar dokar harajin filaye da gidaje, aka koma auna kadarori da farashin kasuwa, takardu suka fito da adadin da ya ninka na baya sau da yawa. Lauyoyi da 'yan kasuwa suka fito zanga-zanga, gwamnati ta zaftare rabi ga gine-ginen kasuwanci, a 2020 kuma gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta sake dokar, ta kuma yafe wa 'yan fansho da ke zaune a gidajen kansu. Mutanen Legas suna da jaridu da ƙungiyoyi masu baki. Ƙaramin gari ba shi da su, sai dai mutanensa su tashi da wuri.

Da wuri kuwa na nufin ranar da masu awo suka zo. Ka tsaya da kanka, ko ka wakilta wanda ya san gidan. Ka nemi katin shaidarsu, ka tambayi mai unguwa ko an sanar da shi. Ƙiyasin kadara sana'a ce mai rajista a Najeriya, hukumar ESVARBON ce ke ba da lasisi, don haka ba laifi ka tambayi sunan ƙwararren da zai sa hannu a aikin. Ka duba abin da aka rubuta: ɗaki nawa, ginin ƙasa ne ko na bulo, na zama ne ko na kasuwanci, an gama shi ko kango ne. Mafi yawan zaluncin da ke cikin takardar haraji daga irin wannan kuskure yake tasowa, a rubuta rumbu a matsayin ɗaki, ko teburin mai sayar da ƙuli-ƙuli a zaure ya mayar da gida wurin kasuwanci. Dokokin jihohi sukan ba da wa'adin ƙorafi bayan fitar da jerin ƙiyasi ko isowar takarda, kuma wa'adin gajere ne. Ka rubuta ƙorafinka, ka riƙe kwafi mai hatimi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce kwatance: ga gidan wane irin nawa, a layinmu, ga abin da aka ɗora masa, ga kuma kuɗin hayar da ake biya a unguwar. Cewa ba ni da hali gaskiya ce, amma ba ta gyara lissafi.

Sai ɓangaren da aka fi sakaci da shi, wato kasafin kuɗi. Ba wanda ke zuba kuɗin watanda bai tambayi nawa aka sayi san ba da kashi nawa za a yi. Amma mutum zai shekara arba'in a gari bai taɓa ganin kasafin ƙaramar hukumarsa ba, alhali a nan ne ake yanke abin da za a nema daga aljihunsa. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin kayan masarufi. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, kuma har yanzu ana fitar da alƙaluman, duk mai waya zai iya nemowa. Bayan cire tallafin mai a 2023 adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare.

Matsalar da aka daɗe ana kuka da ita ita ce asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya tanada, inda kuɗin ke biyawa ta hannun gwamna. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya. Amma ni ban ga dalilin da jama'a za su zauna jiran Abuja ba. Ko kuɗin ya zo kai tsaye, idan ba mai duba littafi, wurin ɓatansa kawai aka sauya.

Wanda ya samu kasafin a hannu, ba sai ya yi karatun akanta ba. Ya duba nawa ake sa ran samu daga tarayya, nawa daga cikin gida. Ya duba nawa ke tafiya albashi, wanda na malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ke cin kaso mai tsoka, nawa ke tafiya gudanar da ofis da alawus, nawa ya rage na ayyuka. Sannan ya nemi mazaɓarsa da suna. Idan an rubuta gina rijiyoyin burtsatse a faɗin ƙaramar hukuma, ba unguwa ba adadi, to wannan layin an rubuta shi ne don kada a iya bin sawunsa. A ajiye kasafin bara kusa da na bana. Kwalbatin da ke fitowa shekara uku a jere da sabon kuɗi, kuma har yau yara na tsallaka kwata, ya cancanci tambaya a gaban jama'a. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata a rubuce, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Kowace jiha tana da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi da ke fitar da rahoto. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ta direbobi, ta ci gaban gari, ko kwamitin masallacin Juma'a, kowacce za ta iya aika wasiƙa ɗaya da sa hannun mutum ashirin, kuma irin wannan ta fi ta mutum guda wuyar jefawa a kwandon shara.

Game da biya, kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a ƙofar gida. Ka biya a banki ko ta lambar da ke jikin takardar, ka tabbatar sunan asusun na hukuma ne ba na mutum ba, ka adana rasit tare da takardun gida. Masu tare hanya da sanda mai ƙusa suna karɓar kuɗin kaya, alhali tun dokar soja mai lamba 21 ta 1998 aka haramta kafa shinge don karɓar haraji. Masu haya kuma su zauna da maigida tun kafin takarda ta zo, a rubuta a yarjejeniya wane ne zai biya, domin in ba a rubuta ba, ƙarin yakan ɓullo ne a kuɗin hayar baɗi, sau da yawa ma fiye da abin da hukuma ta nema. Gidajen marayu da na zawarawa da tsofaffin da ba su da abin shiga, mai unguwa da kansila su kai sunayensu tun ana haɗa jerin, a tambaya ko dokar jihar ta yi musu rangwame, a kuma nemi amsar a rubuce.