Ina Ya Fi Dacewa Ka Zauna a Gidan Kallo?

Mutane da yawa da sun shiga gidan kallo sai su ruga layin gaba, wai nan ne wurin manya. Ni kam ba na zama can. A silima, layin farko yana gajiyar da wuya, ido kuma ba ya iya kama allon gaba ɗaya. Masu saita sauti sukan daidaita lasifikoki ne daga tsakiyar ɗaki, wajen kashi biyu cikin uku na tazarar allo zuwa bangon baya. A nan murya take fita tsaf.

Wasan daɓe kuwa daban ne. Ɗan wasa yana gabanka da ransa, kana son ganin yadda ya murtuke fuska, ka ji har raɗarsa. Daga layi na biyar zuwa na goma ya fi mini. A dandalin wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970, ba a nesanta 'yan kallo da 'yan wasa ba, ko'ina ka zauna kana kusa.

In kana tafe da yaro ko dattijo, don Allah nemi kujerar bakin hanya.