Idan RAM Ta Cika, Wace Manhaja Ake Fara Kashewa?

Masu waya mai RAM 2GB sun san wannan takaicin: mutum na tsakiyar tura kuɗi a manhajar banki, ya leƙa saƙonni don ya kwafo lambar tabbatarwa, ya dawo ya tarar manhajar ta koma farko. Wayar lafiyarta ƙalau. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta rufe ta da gangan.

Asalin abin daga Linux ne, wanda aka gina Android a kansa. Linux yana yi wa manhajoji alƙawarin wurin da ba lallai yana da shi ba, don ya san yawancinsu ba sa cinye duk abin da suka nema. Ranar da kowa ya zo karɓar rabonsa lokaci guda, sai ya fara zubar da ajiyar wucin gadi, ya matse wasu bayanai ko ya kwashe su zuwa faifai. Idan hakan bai isa ba, sai OOM Killer ya shigo, ya zaɓi aiki ɗaya ya kashe don sauran su tsira.

Da maki ake zaɓen: wanda ya fi cin RAM shi ne kan gaba. A nan matsalar take, domin a kan sabar kamfani, rumbun bayanai ne yawanci ya fi kowa ci, kuma shi ne ba a so a rasa. Shi ya sa kowane aiki ke da wata lamba mai suna oom_score_adj, daga -1000 zuwa 1000. Wanda aka ba -1000 ba a taɓa shi sam. Manhajar OpenSSH kan ba uwar aikinta wannan kariya, don mai kula da sabar ya samu ƙofar shiga ko da komai ya rikice. Sai dai duk wanda ya kare ayyuka da yawa, ya tura wuƙar kan sauran ne kawai.

Android ba ta jira sai tura ta kai bango. Tana da nata mai gadin, lmkd, da ke bin matsayi: manhajar da ke kan allo 0, mai kunna waƙa a bayan fage 200, wadda aka baro yanzun nan 700, waɗanda aka daɗe da bari 900 zuwa sama. Daga sama ake fara yanka. A ƙaramar waya, 'yan 900 kan ƙare da wuri, sai a gangaro kan 700, inda manhajar bankin take.

Tun Android 10, lmkd yana duba tsawon lokacin da ayyuka ke tsayawa jiran wuri, da wani ma'auni da injiniyoyin Facebook suka shigar cikin Linux a 2018. Manhajojin “share RAM” kuwa ɓata batir ne kawai: suna kashe abin da wayar za ta sake tayarwa nan take.