Shan Giya da Tsawon Rai

A ƙasar Rano da Kibiya, tun daga duwatsun Rurum Tsohon Gari har zuwa gaɓar madatsar ruwa ta Tiga, giya ba baƙuwa ba ce, ko da yake mafi yawan jama'a Musulmi ne waɗanda ba su kusantarta. Maguzawan kudancin Kano sun daɗe suna dafa burkutu da dawa, a sha ranar gayya ko ranar biki. Tun da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 aka hana sayar da giya a fili, amma hani bai kawar da sha ba. Ya dai mayar da shi ɓoye. Saboda haka ya kamata ɗalibi da ma'aikacin hukuma su san abin da likitoci suka gano game da dangantakar giya da ajali.

An daɗe ana yaɗa cewa shan kaɗan magani ne ga zuciya. Asalin wannan magana bincike ne da aka yi a Turai da Amurka, inda aka ga kamar masu ɗan taɓawa sun fi waɗanda ba su sha tsawon rai. A 1988 wasu masana a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Shaper, suka nuna inda gizo ke saƙar: cikin waɗanda aka ƙidaya a matsayin marasa sha, akwai da yawa da suka daina ne don ciwo ya riga ya kama su. Watau an auna mashayi mai sauran ƙarfi da tsohon mashayi majinyaci. Da aka riƙa ware irin waɗannan, sai amfanin da ake zato ya kusa ɓacewa. A wannan shekarar kuma aka sanya giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na giya da za a ce ba shi da haɗari, daga baya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.6 ne giya ta yi sanadin mutuwarsu a 2019.

Duk da haka, haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa, domin ya danganta da yawan abin da aka sha, da yadda aka sha shi. Hanta ba ta iya narkar da abin da ya wuce kimanin giram 10 na sinadarin maye a awa guda. Wanda ke sha a ɓoye kuwa yakan kwankwaɗa da sauri, sau da yawa cikinsa babu abinci, sa'an nan ya hau babur ya kama hanya. A nan ake samun mutuwar farat ɗaya. Wanda kuma ya mayar da sha abin kullum, hantarsa takan yi ta tabo har ta ƙandare, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Wannan ya fi tsanani a ƙasarmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba.

Har ila yau, abin da aka sayar a ɓoye ba a san abin da ke cikinsa ba. A 2015 mutane da dama suka mutu a Jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da gubar metanol, wadda kan makantar kafin ta kashe.

Bisa ga haka, wanda bai taɓa sha ba babu wata hujjar likitanci da za ta sa ya fara. Wanda kuma sha ya riga ya kama shi, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai, domin hakan kan jawo karkarwa da farfaɗiya, har ma da rasa rai. Abin da ya dace shi ne a kai shi asibiti, a gwada hantarsa, a raba shi da ita a ƙarƙashin kulawar likita. Kunyar dangi ba ta kai ran ɗan'uwa ba.