Gubar Jini: Zazzaɓin Da Ba A Kwana Da Shi A Gida

Iyayena da yayyena, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. A kan yayata na koyi haka. Kwana huɗu da haihuwarta ta fara zazzaɓi da rawar ɗari, muka ce ai gajiyar biƙi ce, muka sayo magani a kemis. Washegari ko mu ba ta ganewa sosai. A asibiti aka ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta mahaifa suka bazu. Allah Ya sa da sauran kwana, amma sai da ta yi sati biyu a kwance.

Likitoci na kiran ciwon sefsis. Yana farawa daga wuri guda: mahaifa bayan haihuwa ko ɓari, cibiyar jariri, gyambo, huhu ko mafitsara. Garin yaƙar cutar sai jiki ya shiga lalata kansa, ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa su fara gazawa.

Ku lura da waɗannan alamu:
- jiki zau, ko kuma sanyi ƙalau
- numfashi da sauri, sau 22 ko fiye a minti ga babba, 60 ko fiye ga jariri
- ruɗewa, sambatu ko wuyar farkawa
- a wuni ba fitsari
- jinin biƙi mai wari da ciwon mara
- jariri ya ƙi nono, ko cibiyarsa ta yi ja tana fitar da mugunya

A asibiti za a ɗebi jini. Za a duba maleriya, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini, domin hauhawarsu ko faɗuwarsu sosai alama ce, a kuma duba aikin ƙoda. Akwai gwajin da ake ajiye jinin kwana 2 zuwa 3 don a gane irin ƙwayar cutar. Likita ba ya jiran wannan sakamakon, yakan fara allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take. Ku tafi da kwalin duk maganin da aka sha, don wani maganin yana ɓoye cutar a gwaji.

Kada rashin kuɗin mota ya tsayar da ku, don irin wannan rana muke tara asusun taimako. In kun ga zazzaɓi tare da ɗaya daga cikin alamun nan, ko da tsakar dare ne, a tashi maigida, a kira ma'ajiya, a nemi abin hawa.