Ƙugiyar Harafi da Saurin Injin Bincike

A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Ke nan takardun Hausa za su yawaita a ofisoshin Yamai, kuma takardar da aka kasa lalubowa a kwamfuta tamkar ba a rubuta ta ba ne.

Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni yana neman "ƙasa", wayarsa ba ta da ƙ, sai ya buga "kasa". Wani ya rubuta "ƴaƴa" bisa ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999, ɗan'uwansa na Kano ya rubuta "'ya'ya". A wajen kwamfuta kowane harafi lamba ne, kuma lambar ƙ daban take da ta k. Shi ya sa kafin injin bincike ya gwada kalma da kalma, sai ya daidaita su: ya mai da manyan baƙaƙe ƙanana, ya sauke alamar é ta Faransanci, ya cire ƙugiya.

Wannan aiki harafi-harafi ake yin sa, a kan miliyoyin kalmomi, don haka ɗan jinkiri kaɗan sai ya taru ya zama babba. Manhajar Lucene, wadda Doug Cutting ya rubuta a 1999, kuma aka gina injinan bincike na Solr da Elasticsearch a kanta, tana da dabara a nan. Takan fara leƙa kalma: in duk haruffanta na cikin alamomi 128 na tsarin ASCII ne, sai ta wuce da ita ba tare da taɓawa ba. Wadda ke ɗauke da baƙon harafi kaɗai ake tsayarwa, kamar yadda jandarma ke ɗaga wa wata mota hannu ya tsare wata. Kalmar Ingilishi kusan kullum wucewa take yi. "Ƙarfi" da "ɓera" su ne ke tsayawa. Magina manhaja na rage wannan tsaiko da jadawalin da aka shirya tun da farko, inda kowane harafi ke da madadinsa, da kuma daidaita takardu sau ɗaya tak, lokacin shigar da su rumbu.

Sai dai saurin da ya cinye ma'ana ba riba ba ne. In aka cire ƙugiya aka yar, "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓata" ta zama "bata". "Ƴaƴa" kan koma "yaya", ta cakuɗe da yayan mutum, ita kuwa "'ya'ya" ta Kano tana nan da alamarta a tsakiya, ba su haɗu ba. Lucene na da zaɓin ajiye kalma da ƙugiyarta tare da maras ƙugiya. Rumbu zai ɗan ƙara nauyi, amma ni a ganina wannan ne daidai: mai tsohuwar waya ya samu abin da yake nema, wanda ya rubuta daidai kuma a fara kawo masa nasa.

Babu wanda zai koya wa injin cewa ƴ da 'y sauti ɗaya ne in ba mu ba. Ya kamata malaman cibiyar nazarin ilimi ta INDRAP da na jami'a su zauna da matasanmu masu rubuta manhaja, su fitar da jadawali guda na Hausa, su sake shi kyauta ga kowa.