Maƙoƙo: in lambar TSH ta hau, magani ne ya gaza

Bayan an yi wa gwaggona tiyatar maƙoƙo a Yamai, likita ya ɗora ta kan ƙwaya guda kullum da safe, har iya rayuwa. Da aka yi wata biyu ta koma awon jini. Ɗanta ɗan lakwal ne ya karanta mata takardar: TSH 11, ga ɗan tauraro a gefe. "Inna, abin fa ya yi yawa," in ji shi. Ita kuwa ta yanke wa kanta hukunci: tunda ya yi yawa, a riƙa raba ƙwayar biyu. Kafin ranar komawarta likita, fuska ta kumbura, barci ba dare ba rana, ga sanyi tana ji ana tsakiyar bazara.

Gwaggo ba ita kaɗai ke wannan kuskure ba, domin lambar a juye ake karanta ta.

Ga yadda abin yake. A gaban wuya akwai wata ƴar tsoka, tiroyid, mai sarrafa sinadarin da ke tafiyar da zafin jiki, bugun zuciya da kuzari. In an cire ta, ko ta yi rauni, sai a maye gurbin sinadarin da ƙwayar levothyroxine, wadda aka fi sani a farmasi da Levothyrox ko Euthyrox. Shi kuwa TSH ba daga wuya yake fitowa ba. Daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ake aiko shi, kamar uwar gida mai kiran ɗan ga-ruwa: randa ta yi ƙasa, ta ɗaga murya, randa ta cika, ta yi shiru. Saboda haka TSH mai yawa na nufin jiki bai ƙoshi da magani ba. Wanda ya faɗi ƙasa sosai kuma na nufin maganin ya zarce.

A yawancin takardun labo, ma'aunin babban mutum na kamawa daga wajen 0,4 zuwa 4, amma kowane labo na rubuta nasa a gefe. Layin T4L shi ne ke nuna yawan sinadarin kansa a cikin jini. Lambar da likita ke nema kuma ba ɗaya ba ce ga kowa. Tsoho ana iya barin nashi ya ɗan hau. Wanda aka yi wa aikin ciwon daji ana riƙe nashi a ƙasa da gangan. Mai juna biyu kuwa buƙatarta kan ƙaru tun makonnin farko, don haka da zarar ta tabbatar da ciki, sai ta garzaya likita.

Yawan maganin ma ba riba ba ne. Yana kawo faɗuwar gaba, rawar hannu da rama, in an daɗe kuma ya rikita bugun zuciya, ya raunana ƙashi.

Wani lokaci laifin ba na awon ƙwayar ba ne, na yadda ake shan ta ne. Da ruwa zalla ake haɗiye ta, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin kunu ko kafe. Maganin ƙarin jini da na kalsiyum a ba su ratar awa huɗu. Awara ma kan rage shigarta jini. A watan azumi, a tambayi likita lokacin da ya dace. Zafi na lalata ƙwayar, kwalinta na cewa kada ta wuce digiri 25, to ina ga wadda ta wuni a rana kan tiren mai talla? Sauya samfuri ma ba wasa ba ne: a 2017, da kamfanin Merck ya sake haɗin Levothyrox a Faransa, dubban masu sha sun koka. Wanda ya sauya, ya sake awo.

Maganin a hankali yake aiki. In an sauya awonsa, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin jini ya faɗi gaskiya; wanda ya yi gaggawa ya ɓarnatar da kuɗinsa kawai. Ranar awo, a ɗebi jinin da safe kafin a sha ƙwayar, a labo ɗaya in da hali, a kuma ajiye tsoffin takardu.

Gwaggo dai likita ya yi mata faɗa, ya mayar da ita kan cikakkiyar ƙwaya har da ƙari. Yanzu in takarda ta fito, ninke ta take yi, sai a gaban likita ake buɗewa.